Maki nawa ke kai mutum ga doktora? Jagora ga ɗaliban Yamai da Tawa

Duk shekara, da zarar an fara kare kundin mastar a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, tambaya guda ce ke yawo a bakin ɗalibai: da maki 12 da ƴan ɗigo bisa 20, ana iya samun gurbin doktora mai tallafi? Ana iya samu, ana kuma iya rasawa ko da 15. Dalili shi ne takardunka na bin rariya biyu. Rariyar farko ma'aikacin ofis ne ko kwamfuta, ba ruwanta da hazaƙarka, lamba kawai take dubawa: ka kai iyakar da aka sa ko ba ka kai ba. Ta biyu kwamitin malamai ne, su kuma karanta takardar maki suke yi layi-layi, su haɗa ta da kundinka, da shawarar binciken da ka rubuta, da abin da malamanka suka faɗa a kanka. Maki shi ke da iko a rariyar farko. A ta biyu kuwa murya ɗaya ce cikin muryoyi huɗu ko biyar. Wanda ya gane wannan ya san inda zai zuba ƙarfinsa.

Fara da sanin makinka na gaskiya

A tsarin LMD (lisans, mastar, doktora) da jami'o'inmu ke bi, lisans shekara 3 ce da kiredi 180, mastar shekara 2 da kiredi 120, kowane zango kiredi 30. Darajojin da ake rubutawa a kan takardar shaida kuwa sanannu ne: daga 10 zuwa ƙasa da 12 Passable, daga 12 Assez Bien, daga 14 Bien, daga 16 Très Bien. Makarantun doktora da yawa a ƙasashen da ke ƙarƙashin CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska, suna sa 12 a mastar a matsayin ƙasan tsani, tare da amincewar malami mai daraja ta A, wato farfesa cikakke ko mai bi masa, wanda zai jagoranci binciken. Wannan sharaɗin rajista ne kawai. Inda akwai kuɗin tallafi, masu nema sun ninka gurabe, tsanin yakan tashi da kansa ko da sanarwa ba ta faɗa ba.

Ka ɗauki takardun makinka na kowane zango ka fitar da lambobi uku da hannunka.

Na farko, matsakaicin maki bisa nauyin kiredi. Ɗalibai da yawa suna tara maki su raba da yawan darussa, nan ne suke yaudarar kansu. Misali: ilimin ƙididdiga mai kiredi 6 ka samu 8, dabarun bincike mai kiredi 4 ka samu 15, Ingilishi mai kiredi 2 ka samu 17. In ka tara ka raba uku, 13.33 za ka gani, ranka ya yi fari. Lissafin gaskiya shi ne 8 sau 6, da 15 sau 4, da 17 sau 2, jimla 142, a raba da kiredi 12, ya ba da 11.83. Bambancin ya raba Assez Bien da Passable.

Na biyu, matsakaicin mastar ba tare da makin kundi ba. A ce zango na farko 11.80, na biyu 12.40, na uku 13.60, kundi kuma 16. Gaba ɗaya 13.45 ne. Cire kundin, ya koma 12.60. Malaman da suka saba zama a kwamiti sun san alƙalan kare kundi ba su cika rowar maki ba, ranar biki ce, ga iyaye ga ƴan uwa a zaune. Saboda haka sukan rufe wannan layin da yatsa su dubi sauran. Gara ka riga su gani.

Na uku, matsakaicin darussan da suka shafi abin da kake son bincike a kai, su kaɗai. Mai neman doktora kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Adar, makinsa na ilimin duwatsu, na lissafi da na taswirar kwamfuta za a bi. Mai neman tattalin arziki, lissafi da ƙididdigar tattalin arziki. In wannan lambar ta fi matsakaicinka na gaba ɗaya, ka samu abin faɗa a wasiƙarka. In ta gaza shi, sake tunani a kan maudu'in, ko ka shirya cike giɓin kafin ka nema.

Abin da idon kwamiti ke tsayawa a kai

Tsarin rama maki, inda darasi mai ƙarfi ke ɗauke mai rauni, yana ba ka zango, amma ba ya goge 7 ɗin da ke kan takarda. Haka jarrabawar zagaye na biyu, wadda ɗalibai ke kira ratarafaj: takardun maki da yawa suna nuna zagayen da aka ci darasin. Guda ɗaya ko biyu a shekarar farko ta lisans ba mai ɗaga kai. Ratarafaj a babban darasi na shekarar ƙarshe ta mastar kuwa tambaya ce da za ta biyo ka har zauren ganawa.

Ana kuma duba alkiblar makin. Wanda ya fara da 10.5 ya ƙare da 14.5 ya fi kwantar wa kwamiti hankali a kan wanda ya fara da 15 ya gangaro 12, ko da matsakaicinsu ɗaya. Doktora aikin shekara uku ne zuwa sama, mai hawa ake so.

Sai matsayi a aji, wanda a ganinmu shi ne takardar da ɗalibanmu suka fi sakaci da ita alhali ta fi kowace amfani a waje. A tsangayar da malamai ke riƙe maki, 13.5 na iya zama na ɗaya cikin mutum 40. Bajamushe ko Ba'amurken da ke karanta takardarka bai san haka ba. Ka je ofishin kula da karatu ko wurin shugaban sashe ka roƙi shaidar matsayi mai hatimi, wadda ta faɗi na nawa ka zo, cikin mutum nawa, da maki mafi girma na ajin in zai yiwu. A Faransa, gasar samun kwangilar doktora a makarantun doktora tana ba matsayin ɗalibi a mastar nauyi sosai, har fom ɗin yakan ware masa gurbi. In ofis ya ƙi bayarwa, malamin da zai rubuta maka wasiƙar shaida ya sa shi a ciki da lambobi.

Wani abu da ya shafe mu musamman: jinkirin shekarun karatu. A jami'o'in gwamnati, yajin aiki da cakuɗewar shekaru sukan sa lisans ta shekara 3 ta ci huɗu ko biyar a kalanda. Mai karatu daga waje zai ɗauka maimaita aji ka yi. Jimla ɗaya a wasiƙa ta isa, ko shaidar ofis cewa ba ka maimaita ba.

Juya maki zuwa ma'aunin wasu ƙasashe

Nan ne aka fi yin asara, kuma asarar da mutum ke jawo wa kansa.

Amurka tana auna maki a kan 4.0, kuma makarantun gaba da digiri galibi suna sa 3.0 a matsayin ƙasan tsani. Ɗalibi mai 13 bisa 20 sai ya zauna ya raba 13 da 20 ya ninka da 4, ya samu 2.6, ya rubuta a fom, kwamfuta ta watsar da shi kafin ɗan Adam ya ga sunansa. Wannan lissafin kuskure ne, domin ma'aunin 20 ba a cika shi. A tsarin da muka gada daga Faransa, 18 abin mamaki ne, a can kuwa A abin yau da kullum ne ga ɗalibi mai ƙoƙari. Jadawalan juya maki da aka fi amfani da su suna ɗaukar 14 zuwa sama a matsayin A, 12 zuwa 13.9 a matsayin B, 10 zuwa 11.9 kuma wajajen C. Ke nan Assez Bien na zaune kusa da 3.0, Bien kuma na can sama. Ƙa'idar ita ce: kada ka juya da kanka. Rubuta makin yadda yake, ka nuna cewa bisa 20 ne. In jami'ar ta nemi tantancewa, hukumomi irin su WES ke yi, darasi bayan darasi, da kuɗi, kuma sukan so jami'arka ce za ta aika musu takardun kai-tsaye. Wannan na cin makonni, wani lokaci watanni. Ka lura kuma da waƙafi: takardunmu na rubuta 13,45, fom na Ingilishi ɗigo yake so, 13.45.

Jamus tana da nata lissafin, wanda ake dangantawa da jihar Bavariya, kuma a can ƙaramar lamba ita ce mai kyau: 1.0 ƙoli, 4.0 tsallakewa da ƙyar. Ana cire makinka daga maki mafi girma, a raba da tazarar da ke tsakanin mafi girma da makin tsallakewa, a ninka da 3, a ƙara 1. Mai 14: 20 a cire 14 saura 6, a raba da 10, a ninka da 3, a ƙara 1, ya zama 2.8. Dokokin doktora na tsangayoyi da yawa a can suna neman 2.5 ko abin da ya fi shi kyau, wanda a wannan lissafin 15 ke nan. Sai dai in ofishin ya yarda cewa ƙolin da ake kaiwa a zahiri 16 ne, kamar yadda wasu ke yi wa takardun tsarin Faransa, 14 ɗin nan dai sai ya koma 2.0. Ɗalibi ɗaya, takarda ɗaya, an ƙi shi a lissafin farko an karɓe shi a na biyu. Don haka ka rubuta wa ofishin ka tambayi lambar da suke sawa a matsayin ƙoli ga takardun Nijar, ka haɗa da shaidar matsayinka. Farfesan da ya riga ya amince da kai yana iya neman kwamitin tsangaya ya yi maka sassauci, abin da ba zai faru ba in ba wanda ya san ka. Ka kuma duba anabin, rumbun bayanan Jamus kan jami'o'i da shaidun karatu na waje, ka ga yadda aka rubuta jami'arka a ciki.

Tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, yana neman kashi 75 cikin 100 ga masu mastar da doktora, da shekaru ƙasa da 35 ga doktora, ana buɗe shi daga Janairu zuwa Fabrairu. In an lissafa kai-tsaye, kashi 75 daidai yake da 15 bisa 20, tsani mai tsawo ga ɗan tsarinmu.

Najeriya, wadda ɗan Tawa ke shiga ta Ƙonni da Illela ya kwana Sakkwato, tana auna maki bisa 5.0, kuma jami'o'i da yawa na neman 3.5 a mastar kafin doktora. Jami'ar Ibadan ta saba aiki da kaso: 60 zuwa sama doktora kai-tsaye, 55 zuwa ƙasa da 60 a fara da matakin share fage wanda ake iya juyawa zuwa doktora, 50 zuwa ƙasa da 55 a tsaya a wannan matakin. Kano, Zariya da Sakkwato sun fi sauƙin rayuwa ga Bahaushe, amma da Ingilishi za ka rubuta kundi, kuma ka tabbatar da yadda za a amince da shaidar a gida kafin ka tafi.

Akwai iyakar da maki ba ya gyarawa, ita ce shekaru. Jami'ar Tarayyar Afirka, mai cibiyoyi a Kenya, Ibadan, Yawunde da Tilimsan ta Aljeriya, tana tsayawa a 35 ga maza da 40 ga mata a doktora. Tallafin gwamnatin Sin 40 ne. DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, galibi ba ta son shaidar ƙarshe ta wuce shekara 6. Wanda ya ce bari ya yi aiki tukuna ya dawo, ya riƙa kallon kalanda.

Batun biza ma a duba shi kafin a kashe ko dala. Tun bayan sauyin mulki na Yulin 2023 hanyar Faransa ta ƙuntata, ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe a farkon 2024, ƙa'idojin Amurka ga ƴan Nijar su ma sun tsananta. Kuɗin neman gurbi a jami'a guda ta Amurka yakan kai dalar Amurka 100, ba a mayarwa.

In makin bai kai yadda kake so ba

Daga 14 zuwa sama, maki ya gama nasa aikin. Kusan duk wanda ya tsallake rariyar farko a gasa mai zafi yana da irinsa, kuma tsakanin 15 da 16 ba a cika yanke hukunci ba. Abin da ke kayar da masu Bien shi ne shawarar bincike mai faɗi kamar Sahara, irin "tasirin sauyin yanayi ga noma a Nijar", da Ingilishi mai rauni. Taƙaita: amfanin gona ɗaya, yanki ɗaya, tambaya ɗaya, da bayanin inda za a samo alƙaluma. A ɓangaren harshe, 6.5 a jarrabawar Ingilishi ta IELTS ita ce lambar da aka fi nema.

Tsakanin 12 da 14 ne yawancin masu nema suke, kuma nan ne sauran takardu ke yin magana. Hanya mafi ƙarfi ita ce malami ya san aikin hannunka kafin ya ga makinka. Yamai da kewayenta na da cibiyoyin bincike da ba kowane babban birni ke da su ba: INRAN, cibiyar AGRHYMET da tashar ICRISAT da ke Sadore a fannin noma da yanayi, CERMES a fannin lafiya, LASDEL da IRSH a ilimin zamantakewa. Wata shida kana tattara alƙaluma ko kana aiki a ɗakin gwaji a ɗaya daga cikinsu na haifar da wasiƙar da ke cewa wannan ɗalibi ya yi kaza, da na'ura kaza, ya fitar da kaza. Irinta ta fi wasiƙar babban farfesa mai layi huɗu da ke cewa kai mai ladabi ne da ƙwazo. Ka ba mai rubuta maka wasiƙa wata guda aƙalla, da kwafin takardun makinka da shawarar bincikenka, ka ce masa: "Malam, in da hali a ambaci matsayina a aji da aikin da na yi a kundi." Galibi wasiƙa biyu ko uku ake nema.

Fitar da maƙala daga kundin mastar na ɗaga mai 12.5 sama da mai 14 da bai taɓa rubuta komai ba. Amma a yi hattara da mujallun da ke aiko saƙo suna alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya. Kwamiti ya san su, kuma sunansu a takardarka ragi ne. Duba ko mujallar na cikin rumbunan mujallun bincike na DOAJ, AJOL ko Scopus, ka kuma tambayi jagoranka.

Shirye-shiryen yanki sun fi fahimtar makinmu, domin malaman da ke tacewa a tsarin suka taso. WASCAL, cibiyar binciken sauyin yanayi da Jamus ke ɗaukar nauyi, tana da reshen sauyin yanayi da makamashi a Jami'ar Abdou Moumouni, da wasu rassa a ƙasashen yammacin Afirka. Akwai 2iE, makarantar injiniyancin ruwa da muhalli, a Wagadugu, da tallafin RSIF da cibiyar icipe ta Nairobi ke gudanarwa. Akwai kuma doktora ta haɗin gwiwa, inda kake da rajista a gida da jagora na biyu a waje. A irin wannan yarjejeniyar malamai biyu ce ke buɗe ƙofa. Sanarwar tallafin ƙasashe abokan hulɗa kuwa ta hannun ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, take fitowa, kuma wa'adinta kan zo gajere.

Ƙasa da 12, gaskiya ɗaya ce: ƙofar tallafi mai gasa a rufe take a yanzu, kuma wasiƙa mai daɗi ba ta buɗe ta. Maganin da ke aiki shi ne sabon maki. Mastar ta biyu ta bincike, a fannin da ya fi dacewa da kai, da niyyar fita da 14, tana rufe ta farko domin kwamiti ya fi kallon na baya-bayan nan. Masu lissafi da kimiyya su dubi AIMS, makarantar kimiyyar lissafi ta Afirka mai cibiyoyi a Senegal, Gana, Kamaru, Ruwanda da Afirka ta Kudu. Haka shawarar take ga mai mastar ta sana'a da makarantar doktora ta ce ba ta wadatar ba: a tambayi abin da za a cike tun kafin a rubuta shawarar bincike. Shaidar kwasa-kwasan intanet tana nuna himma, ba ta maye gurbin maki.

In rashin lafiya, rasuwa ko haihuwa ce ta jawo zango mara kyau, faɗa a jimla biyu, da kwanan wata, sannan ka nuna makin da ya biyo baya. Kada ka ɗora wa malami laifi ko da kana da gaskiya, domin masu karantawa malamai ne.

Takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'o'in Amurka galibi suna rufe karɓa a Disamba don karatun da zai fara a Agusta ko Satumba, gasar makarantun doktora ta Faransa kuma tsakanin bazara da farkon damina take. Ka fara tattarawa wata shida kafin wa'adi: takardar maki ta kowane zango tun daga shekarar farko ta lisans, ba a tsallake ko ɗaya, da takardar bakaloreya, da shaidar kammalawa. In ainihin difloma ba ta fito ba, shaidar wucin gadi na shiga a matakin nema, amma wasu jami'o'in za su nemi ta asali ranar rajista. Kwafi a kai ma'aikatar magajin gari a buga masa hatimi. Fassara zuwa Ingilishi mai fassara da aka rantsar ne zai yi, kuma ka gaya masa ya bar lambobi da darajoji yadda suke. Mai fassarar da ya mayar da 14 zuwa kashi 70 ya mayar da kai ɗalibin C a idon Ba'amurke. Ka nemi a haɗa da bayanin ma'aunin maki na jami'a mai nuna cewa 10 ce tsallakewa.

Sannan ka jera takardun a tabarma ka duba sunanka harafi-harafi. Mahamadou a bakaloreya, Mamadou a lisans, Mohamed a fasfo: mutum uku ke nan a wurin kwamfuta. Haka sunan uba da ya zo gaba a wata takarda ya koma baya a wata, da ranar haihuwar waɗanda aka yi wa takardar kotu aka rubuta shekara kawai. Duk abin da ya saɓa da fasfo a gyara shi a ofishin da ya bayar, ko a samo shaidar hukuma cewa sunayen na mutum ɗaya ne, a saka ta cikin fayil guda da takardun makin kafin a tura.